Kangwayen ruhubanawa a Yokshaya: wa ya taɓa zuwa?

Baban Ilham (Leeds):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ranar Asabar na kwashi iyali muka fita bayan gari, don yara sun ishe mu da ƙorafin zaman ɗaki tunda aka ba su hutu. Wani abokin aikina Bature ya daɗe yana min maganar wani wuri wai shi Fountains, kusa da garin Ripon a Yokshaya ta Arewa, tafiyar kamar awa ɗaya daga nan. Ni a zatona wurin wasan yara ne mai feshin ruwa. Ashe kango ne, na gidan ruhubanawa, wato Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada. Amma jama'a, kango suna ya tara.

Daga inda ake yankar tikiti ba abin da kake hangowa sai kan wata hasumiya da ta leƙo daga cikin kwari. Sai ka gangara ƙasa sannan za ka ga girman abin: majami'a ce da ta fi filin ƙwallo tsawo, bangaye a tsaye, ginshiƙai a jere, tagogi sun yi tsayin bene, amma in ka ɗaga kai sai sararin samaniya. Inda mutane suke tsayuwa ibada a da, yanzu ciyawa ce aka aske ta kamar darduma. Hasumiyar kuwa ta kusa mita 50.

Abin da ya fi tsaya min a rai wani dogon ɗaki ne da rufinsa bai faɗi ba, tsawonsa wajen mita 90. Ginshiƙai ne a layi ɗaya a tsakiya, kowanne ya tashi daga ƙasa ya baje sama kamar ganyen giginya, ya haɗu da na kusa da shi. Ciki duhu-duhu, ga sanyi kamar randa. Ilham ta ƙwala wa ƙaninta kira, muryar ta je ƙarshen ɗakin ta dawo mana. Wallahi masallacin Juma'a na Zariya na tuna, irin bakan gizon nan na Babban Gwani, sai dai wannan da dutse aka ɗaure shi. Ta ƙarƙashin ƙarshen ɗakin kuma kogi ne yake wucewa.

Tambayata biyu ce. Akwai wanda ya san tarihin wurin ya ƙara mana haske? Sannan uwargida ta ce asarar kuɗi na yi, ina neman masu tsaya min.

Kawu Na-Bradford:
Wa alaikumus salam. Yanzu Baban Ilham kuɗi ka biya, ka ƙona mai, don ka je kallon gidan da ba rufi? Ai da ka yi min magana, da na ba ka kwatancen unguwarmu a Gusau. Bayan damina za ka ga irinsa kyauta har ka gaji.

Maman Ilham:
Kawu Allah ya ƙara girma, gara da ka faɗa masa. Kuma bai ba ku labarin duka ba. Ba wuri ɗaya ya kai mu ba, biyu ne a yini guda. Ruwa ya tsuge mana tun azahar, takalman yara sun koma laka, dambun da na tashi tun asuba na yi a cikin mota muka ci shi gilasai a rufe. Shi kuwa yana can tsaye yana karanta kowane allo kamar za a yi masa jarrabawa. Amma tsakani da Allah, dogon ɗakin nan ni ma ya burge ni. Wannan kaɗai zan ba shi.

Bilkisu (York):
Yaya Baban Ilham ni zan tsaya maka, don sau uku ina zuwa wurin. Asalinsa rigima ce. A shekarar 1132 wasu mutum 13 daga gidan ibadar St Mary da ke nan York suka ce gidansu ya yi sake, an fi damuwa da ci da sha da tara dukiya a kan ibada. Aka yi cacar baki har suka fita. Babban limamin York na lokacin, Thurstan, shi ya ba su wannan kwari na kogin Skell, wurin da babu komai sai duwatsu da ƙaya. A tsakiyar hunturu suka sauka. Labarin da gidan ya rubuta wa kansa ya ce a gindin wata bishiya suka yi bukka, kuma da yunwa ta matsa har ganyenta suka dafa suka ci. Sun kusa watsewa sai wani babban malamin majami'ar York mai suna Hugh ya ajiye muƙaminsa ya shigo cikinsu da dukiyarsa da littattafansa.

To ka ga inda abin yake ba ni mamaki. Mutanen da suka gudu daga dukiya, cikin shekara ɗari da 'yan kai sun zama gida mafi arziki a ɗariƙarsu a duk Ingila. Kuma tumaki ne suka kai su. Dogon ɗakin da ka gani rumbu ne da wurin cin abincin ma'aikata, samansa kuma wurin kwanansu. Su waɗannan ma'aikatan sun ɗauki alƙawarin zaman gidan amma ba su da karatu, ana gane su da gemu, su ne masu noma da kiwo da gini. Masu karatu kuwa, masu fararen riguna na ulun da ba a rina ba, aikinsu ibada sau takwas tsakanin dare da rana. Akwai matakala da ta sauko kai tsaye daga ɗakin kwanansu zuwa cikin majami'a saboda tashin wajen ƙarfe 2 na dare. Ka lura da ita?

Baban Ilham (Leeds):
Na ganta! Na ɗauka ta hawa bene ce kawai. Na kuma ga wani ɗaki mai ƙaton murhu, mutum zai tsaya a cikinsa ba tare da ya sunkuya ba.

Bilkisu (York):
Ɗakin jin ɗumi ke nan. Daga farkon Nuwamba zuwa Juma'ar da ke kafin bikin Ista ake hura wuta a ciki, kuma ban da kicin da ɗakin marasa lafiya, nan kaɗai aka yarda mutum ya je ya ɗumama jiki. Ka tuna sanyin Janairu na garin nan, sannan ka tuna babu hita.

Injiniya Mamman (Maraɗi, yanzu Faransa):
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri Banijare ya sa baki, amma tushen wannan ɗariƙa a nan Faransa yake. An kafa ta a Cîteaux a 1098, wanda ya yaɗa ta kuma shi ne Bernard na Clairvaux. Gidan Rievaulx da ke can Yokshaya ma daga Clairvaux aka turo mutanen da suka kafa shi, a 1132 ɗin dai. In shi ne wuri na biyu da kuka je, to "Ribo" ake cewa, kar ku wahalar da harshe da haruffan ƙarshe. Ita kanta Clairvaux ɗin bayan juyin juya halin Faransa gidan yari aka mayar da ita, ta yi sama da shekara 200 a haka. Don haka naku na Ingila da aka bari ciyawa ta fito a ciki ya yi sa'a.

Abu Hafsat:
Ni tambayata daban ce, kuma ba da nufin ɓata wa kowa rai ba. Mene ne hukuncin Musulmi ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su wurin bautar da ba ta Musulunci ba, har ya biya kuɗi? Wurin nan akwai kaburbura, akwai gicciye. Kuma mun san abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa wa sahabbai da suka biyo ta Hijir a hanyar Tabuka, cewa kada su shiga gidajen waɗanda aka halaka sai suna masu kuka. Mu kuma muna shiga da dambu da ɗaukar hoto.

Malam Auwalu:
Malam Abu Hafsat, Allah ya saka da alheri da wannan tunatarwa. Ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba, amma ga abin da na fahimta. Hadisin Hijir a kan mutanen Annabi Salihu ne, waɗanda nassi ya tabbatar azaba ta sauka a kansu a wannan wurin. Ba kowane kufai ba ne yake shiga wannan hukunci, in ba haka ba da ba wanda zai je Dala ko Kufena. A ɗaya ɓangaren kuma Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance.

Sannan irin waɗannan gidaje ba baƙi ba ne a karatunmu. A Suratul Hajji aya ta 40 an ambaci ɗakunan ruhubanawa tare da majami'u da masallatai a cikin wuraren da da an rushe su ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham ya yi mata wasiyya cewa za ta tarar da mutanen da suka tsare kansu a ɗakunan ibada, a ƙyale su da abin da suka tsare kansu dominsa. Labarin Bahira a Busra kuwa yaran Islamiyya ma sun san shi. Ita rahbaniyyar kanta, Suratul Hadidi aya ta 27 ta ce su suka ƙaga ta, kuma ba su kiyaye ta yadda ya kamata ba. Wato ba mu ɗauke ta hanya ba, amma sanin ta ba laifi ba ne. Abin da zan ce a kiyaye shi ne kada a shiga wata ibada tasu, kuma kada a yi salla a kan kabari. Allah ne mafi sani.

Baban Ilham (Leeds):
Malam a bayan mota muka yi azahar da la'asar, a filin ajiye motoci, ruwa yana dukan mu.

Abu Hafsat:
Na ji bayanin Malam, kuma na gode. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da kai ƙananan yara ba. Babba ya je da niyyar wa'azantuwa, wannan daban. Kowa ya tsaya inda ya natsu.

Anti Saratu (York):
Sannunku 'yan'uwa. Ni Kirista ce 'yar Wusasa, kun sani, kuma na ji daɗin yadda Malam da Abu Hafsat suka yi maganar cikin mutunci. Gyara ɗaya zan yi. Na ga a wasu rubuce-rubucen Hausa ana kiran waɗannan mutane "sufaye", har a ce "gidan sufi". Mu dai masu zaman zuhudu muke cewa. Ruhubanawa ɗin da Malam ya faɗa ma daidai ne.

Game da gicciye da gumaka kuma, Abu Hafsat, za ka yi mamaki. Wannan ɗariƙar tun farko ta ƙi ado. Bernard ɗin da Injiniya ya ambata ya yi kaca-kaca da masu sassaƙa dodanni da birai a jikin ginshiƙan gidajen ibada, ya ce suna ɗauke hankalin mai karatu. Ko hasumiyar dutse dokarsu ta farko ta hana. Wadda Baban Ilham ya gani ta ƙarshen zamani ce, wajen shekarar 1500, wani shugaban gidan mai suna Marmaduke Huby ya gina ta, har ya sa aka sassaƙa haruffan sunansa a jiki. Daga cin ganye zuwa rubuta suna a hasumiya, ka ga tafiya ta yi nisa.

Amma in da za a tambaye ni, ba Fountains zan tura mutum ba, Mount Grace zan ce ya je, kusa da Northallerton. Ƙaramin wuri ne, na wata ɗariƙar daban, an kafa shi a 1398. Su ba sa kwana a ɗaki ɗaya. Kowane mutum da ɗan gidansa mai bene, da lambunsa a baya kewaye da katanga, da ruwan da aka janyo masa ta bututu, da makewayinsa. An sake gina ɗaya an sa kaya a ciki yadda yake a da: gado, teburin karatu, masaƙa a sama. A gefen ƙofar akwai wata 'yar kafa a bango da ake ajiye masa abinci. Ba a miƙe take ba, a lanƙwashe aka yi ta, don kada mai kawo abincin da mai ɗauka su ga fuskar juna. Na zura hannuna ciki har gwiwar hannu, sai da tsigar jikina ta tashi. Mutum ya yi shekara 30 a haka.

Malam Auwalu:
Ikon Allah. Anti wannan ai ya yi kama da halwa, sai dai tamu ta kwanaki ce, galibi 40, mutum ya fito ya koma cikin iyalinsa da kasuwarsa. Bambancin ke nan babba.

Kawu Na-Bradford:
To duk na ji. Amma ba wanda ya faɗa min wa ya kwashe rufin. Yaƙi aka yi ko gobara? Don ni a sanina Bature ba ya barin gini ya lalace haka kawai.

Bilkisu (York):
Kawu ba yaƙi ba gobara, takarda ce daga fada. Sarki Henri na 8 ya nemi Fafaroma ya raba aurensa da matarsa ta fari, Katarina, Fafaroma ya ƙi. A 1534 sai ya sa majalisa ta ayyana shi shugaban majami'ar Ingila. A 1535 wazirinsa Thomas Cromwell ya tura mutane suka ƙirga dukiyar kowane gidan ibada a ƙasar. Kun san in hukuma ta fara ƙirga dukiyarka, ba don ta ƙara maka ba ne. A 1536 aka fara rufe ƙananan gidaje, waɗanda kuɗin shigarsu bai kai fam 200 a shekara ba. Zuwa 1540 ba ko ɗaya da ya rage, gidaje sama da 800. Rievaulx da Byland a 1538 suka tafi, Fountains a 1539.

Rufin kuwa da gangan aka yaye shi, saboda dalilai biyu. Na farko darma ce aka shimfiɗa a sama, kuma darma kuɗi ce, ta sarki ce. Na biyu don kada masu gidan su dawo. A wasu wuraren katakon ginin aka farfasa aka hura wutar narkar da darmar da shi. Wanda ya miƙa wuya aka ba shi fansho, shugaban Fountains na ƙarshe fam 100 a shekara aka yanka masa. Wanda ya taurare kuwa igiya. Mutanen Arewacin Ingila sun yi bore a 1536 ƙarƙashin wani lauya Robert Aske, aka lallashe su da alƙawari har suka watse, sannan aka bi shugabannin ɗaya bayan ɗaya. Shugaban gidan Jervaulx, Adam Sedbar, an rataye shi a Landan a 1537. Har yau sunansa yana nan a jikin bangon kurkukun Hasumiyar Landan inda aka tsare shi.

Baban Ilham (Leeds):
Darmar nan na ganta da idona a Ribo (na gode Injiniya, da "Ribolks" nake ta cewa). A ɗan gidan tarihin wurin akwai wani ƙaton curi mai siffar kwalekwale da hatimin sarki a jiki. Wai an narkar an tara, sai gini ya rufto a kan wasu, ba a gano su ba sai da aka yi tono wajen 1920. Sauran kuma da su aka gyara wata babbar taga a majami'ar York. A allon wurin na karanta cewa zamanin wani shugabansu Aelred, wanda ya riƙe gidan daga 1147 zuwa 1167, mutum 140 ne masu karatu da ma'aikata 500. Ranar da aka rufe shi 20 da 'yan kai suka rage.

Shawara ga mai zuwa daga Thirsk: akwai wani hawa da ake kira Sutton Bank, tsayuwar bango ce kawai. Motata ta yi kukan da ban taɓa ji ba, Maman Ilham tana ta salati.

Injiniya Mamman (Maraɗi, yanzu Faransa):
Wannan lissafin naka shi ne maganar. Daga 640 zuwa 20 da wani abu, ke nan tun kafin sarki ya zo gidan ya riga ya zube daga ciki. Annobar 1348 da 1349 ta kashe mutane har lebura ya yi tsada, ba mai zuwa ya yi aikin kyauta da sunan ibada. Kafin nan Sikotawa sun yi ta kawo hari, a 1322 ma a kusa da Byland suka fatattaki Sarki Edward na 2 ya gudu ya bar kayansa. Ga kuma bashi: suna sayar wa fataken Italiya ulun shekaru masu zuwa su karɓi kuɗi a hannu su yi gini, sai cutar ƙazuwa ta faɗa wa tumaki, ulu bai samu ba. Irin bashin kaka ne da manomanmu suka sani. Kuma kar a ɗauke su waliyyai, akwai ƙauyukan da suka tasa don su mayar da wurin gona da makiyaya. Ni ban ga abin tausayi sosai ba.

Anti Saratu (York):
A'a Injiniya, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Sun yi arziki, sun yi sake, gaskiya ne. Amma a ƙofarsu matalauci yake karɓar sadaka, matafiyi ya kwana, mara lafiya ya sami magani, a zamanin da ba asibitin gwamnati. Da aka rufe su, filayen ba talakan da aka tasa aka mayar wa ba. Fountains wani attajirin Landan, Richard Gresham, aka sayar wa. In gyara sarki yake so, me ya sa ya fara da ƙirga azurfa? Ni 'yar Angilika ce, majami'ata daga wannan rabuwar ta fito, amma ba zan ce abin da aka yi adalci ne ba.

Injiniya Mamman (Maraɗi, yanzu Faransa):
Ban ce sarki ya yi adalci ba, Anti. Cewa na yi sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ɗan Ƙofar Mata (Kano):
Ina ta karantawa daga nan gida raina yana ɓaci. Kun ce 1132 ko? To a tarihin Kano, Sarki Gijimasu da ya fara gina ganuwa daga 1095 zuwa 1134 ya yi mulki. Sa'annin juna ne. Hasumiyar da kuke yabo kuma kusan zamanin Muhammadu Rumfa ce, wanda ya rasu a 1499. Su nasu an aske masa ciyawa, UNESCO ta sa shi a jerinta tun 1986, kuna biyan fam kuna shiga. Tamu badalar fa? Ina yaro muna hawa kanta mu hango gari. Yau wani wurin shago ne, wani juji, wani an kwashe ƙasar an yi bulo. Mu ba mu san darajar abinmu ba, shi ke nan.

Injiniya Mamman (Maraɗi, yanzu Faransa):
Ɗan'uwa ina jin zafinka, amma a matsayina na mai aikin gini dole in raba maka abu biyu. Dutse in ka yaye masa rufi ka tafi, zai jira ka shekara 500. Ginin ƙasa ba ya jira, duk damina sai ta ci rabonta, in ba a yi yaɓe ba ya koma inda ya fito. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce ta ƙasa zalla, tana tsaye ne don ana salla a ƙarƙashinta kuma mutanen gari suna hawa kan itatuwan jikinta suna yaɓe ta. Ganuwa kuwa aikinta ya ƙare tun da aka daina yaƙin dawaki, sarki ya daina kiran gayya a fito gyara. Ginin ƙasa ba ya zama kango mai kyau, ko dai yana da rai ko babu shi.

Bilkisu (York):
Kuma Yaya, kar ka ɗauka Turawan nan sun tashi da son tarihi ne. Sama da shekara 200 waɗannan wurare ma'adanar dutse ce ta kyauta. Duk mai gina gida ko shingen tumaki sai ya zo da amalanke ya ɗiba. Babban gidan da ke bakin Fountains ɗin, wanda aka gina wajen 1600, da duwatsun gidan ibadar aka yi wani sashensa. Daidai da masu kwasar ƙasar badala.

Abin da ya ceci wurin ma ba tsoron Allah ba ne, ƙawa ce. Wani John Aislabie, ministan kuɗin Ingila, aka kore shi daga majalisa a 1721 kan badaƙalar hannun jari, ya dawo gida ya zuba ƙarfinsa a lambun ruwa a maƙwabtan kangon. Ɗansa William ya sayi kangon a 1767 don ya zama abin hange a ƙarshen lambu, a lokacin yayin masu kuɗi ke nan, har waɗanda ba su da kango sukan gina na ƙarya. Ya share abin da ya tare masa gani, ya shuka ciyawa. National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, sai 1983 ta karɓa. Wato abin da Yaya Baban Ilham ya biya ya gani, sarki ya yaye, mai kuɗi ya yi masa kwalliya.

Ɗan Ƙofar Mata (Kano):
Na karɓi maganar ƙasa da dutse. To Surame fa, birnin Kanta na Kabi? Ganuwarsa ai da dutse aka yi ta, tana nan a daji. Fadar Ngazargamu kuma da tubalin wuta aka gina ta. Cikinmu nan wa ya taɓa zuwa? Ni kaina ban taɓa ba, kuma ko na yi niyya yanzu sai na fara tambayar lafiyar hanya.

Malam Auwalu:
Wannan tambayar ta kama mu duka. Ni Basakkwace ne, ban taɓa taka Alƙalawa ba.

Kawu Na-Bradford:
To tunda kowa yana faɗar gaskiya, bari in faɗi tawa. Na taɓa zuwa ɗaya. Shekarun baya ina tuƙin tasi, wata tsohuwa ta yi shatar motata zuwa wannan Jervaulx ɗin, ta ce in jira ta. Na gaji da zama na bi bayanta. Ba mai gadi, ba mai tikiti. Akwati ne kawai a bakin ƙofa, ka jefa kuɗinka ka wuce. Na tsaya ina waige-waige ko akwai kyamara a bishiya. Wurin na wasu iyali ne ba na hukuma ba, ba a yi masa askin nan ba, furanni da ciyayi sun fito ta cikin bango, ga tumaki suna kiwo a kewaye. Tsohuwar ce ta ce min cukun nan na Wensleydale da ake sayarwa a kanti, asalinsa daga masu wannan gidan ne. Na jefa kuɗin, kar ku tambaye ni nawa.

Maman Ilham:
Kawu!! Kai da ka gama yi wa mijina dariya?

Kawu Na-Bradford:
'Yata ni biyana aka yi na je. Mijinki shi ya biya.

Anti Saratu (York):
Tunda an fara dariya, ga na Whitby, wanda yake kan tsauni a bakin teku. Wata mata ce mai suna Hilda ta kafa gidan farko a 657, ginin da ake gani yanzu na baya ne. A 664 aka yi babban taro a can kan lissafin ranar Ista, don ƙasar ta rabu biyu, masu bin lissafin Ailan da masu bin na Roma. Abin ya kai Sarki Oswiu ya gama azuminsa yana shagalin biki, matarsa a cikin gida ɗaya tana nan tana azumi. Ban ce ya yi kama da komai ba fa.

Ɗan Ƙofar Mata (Kano):
Anti kin dai faɗa. Maigida yana salla, uwargida tana sahur.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a kar a buɗe babin ganin wata a nan, bara sai da muka cire mutum biyu. A tsaya kan kango.

Bilkisu (York):
To ga wata ba ta da haɗari. Mutanen Byland sun taɓa sauka kusa da Rievaulx, kogi ne kawai tsakani. Sai kowane gida yana jin ƙararrawar ɗayan dare da rana, aka rasa ta wa ake amsawa. Dole na Byland suka tattara suka ƙara gaba, sai 1177 suka zauna inda kangonsu yake yanzu. In za a sake fita ni zan ja gora: Mount Grace da safe, Whitby da yamma, a ci kifi a bakin teku. Amma sai rani, kuma kowa ya zo da takalmin ruwa.

Maman Ilham:
Wuri ɗaya a yini, Bilkisu, ba biyu ba. Kuma wannan karon shi zai yi dambun.

Abu Hafsat:
In Whitby ce ku sa da ni. Ku hau, ni da yara za mu jira ku wajen kifin.

Kawu Na-Bradford:
Motata tana ɗaukar mutum 7. Amma Saratu, an ce min hawan nan matakala 199 ne. Akwai hanyar mota ta baya, ko in fara shafa wa gwiwa man zafi tun yanzu?